Na sayi tsohuwar motar tsere, ta yaya zan duba hob ɗin ƙafafunta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Ina karatu a Amurka, kuma tun ina yaro nake sha'awar tseren mota. Na tara kuɗi na sayi Mazda MX-5 ƙirar 1999, wadda wani ya yi shekaru yana tsere da ita a rukunin Spec Miata (rukunin tsere na motocin MX-5 zalla, waɗanda a Amurka ake kira Miata). Wanda ya sayar mini ya ce hob ɗin ƙafafunta lafiya lau suke. Na ɗaga motar na girgiza tayoyin huɗu, ban ji motsi ba. Wata mai zuwa zan fara shiga filin tsere. Wannan dubawar ta isa, ko akwai saura? Ni sabon shiga ne, ban taɓa kwance ƙafar mota ba sai dai canjin taya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri a motar, ya kuma tsare ka a kanta. Ba ta isa ba. Girgiza tayar da ka yi daidai ne, da ita kowane makanike yake farawa, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Cuta biyu ce take kama hob, kuma ɗaya kawai daga cikinsu girgiza take nunawa.

Bari mu fara daidaita sunaye, don kada ina faɗin wani abu kana kallon wani. Idan ka cire taya, ka cire birki da faifansa, abin da zai rage yana kallonka shi ne hob: ƙarfe mai faffadar fuska kamar faranti, da kusoshi huɗu a tsaye waɗanda kake ɗaura taya a kansu. A cikinsa ko a bayansa akwai boris, wanda shi ne yake ba ƙafa damar juyawa. Duk nauyin motar, duk ƙarfin birki, duk abin da kwana take yi wa taya, ta wannan ɗan ƙarfen yake bi kafin ya isa jikin mota. Babu wata hanya ta biyu. Idan shoka ta mutu za ka lallaɓa ka fita daga fili. Idan hob ya karye, taya da faifan birki tafiyarsu suke yi tare, a bar ka da ƙafa uku kana tsakiyar kwana, sau da yawa kuma birkin ma ya tafi ƙasa.

Cuta ta farko ita ce cinyewar boris. Wannan mai mutunci ce, tana sallama kafin ta shigo: za ka ji gurnani, za ka ji ƙafa tana rawa, za ka ga giris ya ƙone. Cuta ta biyu ita ce tsagewar farantin da kusoshi suke kai. Wannan ba ta sallama. Hob zai iya tsagewa har rabin kaurinsa, ka girgiza taya da iyakar ƙarfinka ka ji ta daram, domin ƙarfin hannunka bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da kwana take ɗora mata ba. Mafi yawan sababbin shiga ta farkon kawai suka sani, ita kuma ta biyun ce take raba mota da ƙafarta.

Dalilin da ya sa motar tsere ta bambanta da ta gida shi ne wannan. Lokacin da MX-5 ta fito a 1989, da ƙananan tayoyi 185/60R14 ta zo, na hawa titi. Don irin wannan aikin aka auna kaurin hob ɗinta, kuma a wannan aikin yana shekara da shekaru ba ya gazawa, babu laifin da za a ɗora wa masu ƙera shi. Amma taka tana sanye da 205/50R15 na tsere, masu danƙo, waɗanda in sun yi zafi suke manne wa kwalta. A kwana mai gudu irin wannan tayar tana iya riƙe ƙarfin gefe da ya haura nauyin motar kanta, kuma mafi yawansa a kan ƙafafun waje biyu yake sauka. Wannan ƙarfin a ƙasa yake kama taya, inda ta taɓa kwalta, hob kuma yana can tsakiya, kusan santimita 29 sama da wurin. Ka ga kenan tayar ta zama doguwar sifana da ake ƙoƙarin lanƙwasa farantin da ita.

Abin da ya fi muni shi ne farantin juyawa yake yi, ƙarfin kuma yana nan wuri guda a ƙasa. Don haka kowane ɓangare na farantin, duk zagaye ɗaya, sai an lanƙwasa shi ciki sannan a lanƙwasa shi waje. Ka taɓa karya waya da hannu? Ba ja kake yi ba, lanƙwasawa kake yi gaba da baya har ta gaji ta rabu. Tayarka tana juyawa wajen sau 540 a kowace kilomita. Kilomita 2,000 a fili ya haura juyi miliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa daga ciki a cikin kwana aka yi shi. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe. Ba sabon ilimi ba ne. A 1842 ƙarfen da ke riƙe ƙafafun wani jirgin ƙasa ya karye kusa da Versailles a Faransa, mutane da dama suka mutu, kuma irin waɗannan karaya ne suka sa injiniyan Jamus August Wöhler ya shafe shekaru yana gwajin ƙarafan ƙafar jirgi, har ya nuna cewa ƙarfe yana karyewa da nauyin da bai kai ya karya shi sau ɗaya ba, matuƙar an maimaita nauyin da yawa. Ƙarfe yana ƙirga abin da aka yi masa, kuma ba ya mantawa. Wanda ya sayar maka wataƙila da gaskiyarsa ya ce lafiya lau, don bai ga komai ba. Tambayar da ya kamata ka yi masa ita ce: yaushe aka sa su, awa nawa suka yi a fili, kuma sau nawa motar ta yi karo ko ta faɗa rami da su? In akwai littafin motar ko rasit, ka karɓa ka karanta. In amsar ita ce "ban tuna ba", ka ɗauka sun gama aikinsu.

Yanzu aikin hannu. Ka sami wuri mai siminti wanda ba gangare ba. Ka sassauta notin taya tun motar tana ƙasa, ka ɗaga ta, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe na tsayar da mota. Kada ka bar ta a kan jak kaɗai, kuma kada ka yi abin da muka saba gani a gida na tokare mota da bulo ko dutse. Za ka girgiza ta da ƙarfi, kanka kuma zai shiga ƙarƙashinta.

Ka sake girgizar, amma a wannan karon da tsari. Hannu ɗaya a saman taya, ɗaya a ƙasa, ka tura ɗaya ka jawo ɗaya. Sannan hagu da dama. In ka ji ƙwas ko ɗan motsi, ka sa wani ya shiga ya taka birki ya riƙe, ka sake. In motsin ya ɓace, boris ne, domin birki ya damƙe faifan ya hana hob rawa. In yana nan, ka nemi laifin a bol-joyin, ko kan tairod, ko robobin hannun ƙafa. Wannan 'yar dabarar tana hana mutum sayen abin da bai lalace ba.

Sai ka cire taya, ka kwance birkin, ka rataye shi da waya a jikin sifirin. Kada ka bar shi yana lilo a jikin tiyon mai. Ka zare faifan. Yanzu ka juya hob ɗin gaba da yatsunka a hankali, idonka a rufe in ka so, don hannu ya fi ji. Mai lafiya yana juyawa sumul, da ɗan nauyi kamar ana motsa cokali a cikin zuma, kuma yana tsayawa da ka sake shi. In ka ji kamar akwai yashi a ciki, ko yana ɗan cijewa a wuri guda duk zagaye, ya tashi aiki. Ga kuma abin da yake ruɗin sababbi: in ka wulwula shi ya yi ta gudu shi kaɗai yana ɗan ƙara kamar tayar keke, wannan ba lafiya ba ce. Giris ne ya ƙone ya bar ƙarfe da ƙarfe. Na baya ba zai juya sakayau haka ba don shaf, wato ƙarfen da yake juya ƙafar, yana jikinsa, sai ka dafa hannun ƙafar da tafinka yayin da wani yake juya shi, gurzar za ta zo maka ta cikin ƙarfen.

In za ka iya, ka sayi agogon awo mai allura da gindinsa na maganaɗisu. Ba shi da tsada, kuma zai yi maka aiki har ka bar tsere. Ka kafa gindin a ƙarfen da ba ya juyawa, ka ɗora bakin allurar a fuskar farantin, ka tura hob ɗin ciki ka jawo shi waje. Littafin gyaran motar ya ba da iyakar milimita 0.05, wato bai kai kaurin gashin kai guda ba. Wannan iyakar ta titi ce. A motar tsere, ni duk wanda allura ta nuna mini motsinsa a fili ba na mayar da shi. Daga nan ka juya hob ɗin zagaye ɗaya kana kallon allurar. In tana hawa da sauka fiye da wannan 0.05 ɗin, farantin ya karkace, alamar an taɓa bugun wannan ƙafar, kuma wanda ya karkace da bugu ba a yarda da shi ko da ba a ga tsaga ba.

Yanzu mun zo inda nake so ka zauna ka ba shi lokaci, wato neman tsaga. Da farko wanki. Ba za ka ga komai ba a ƙarƙashin ƙurar birki da tsatsa. Ka fesa maganin wanke birki, ka goge da burushin hannu da tsumma, gaba da baya, har ƙarfen ya fito. Kada ka sa injin gurza, domin yana shafe ƙarfe a kan bakin tsagar ya rufe ta, ka zo kana neman abin da ka binne da hannunka. Ka ɗauki tocila mai ƙarfi, da ƙaramin madubi, da gilashin ƙara girma. Ka haska daga gefe, kada ka haska kai tsaye, don inuwa ce take fito da tsaga. Wurare biyu za ka fi zuba wa ido. Na farko, kewayen ramin kowace kusa, musamman ta baya inda kan kusar yake zaune. Na biyu, gindin farantin, inda faffadan ya lanƙwasa ya koma wuya. Tsaga tana son lungu mai kaifi, duk inda injin sassaƙa ya bar gaɓa ko tsani. A MX-5 ta shekarun taka, masu tsere sun daɗe da sanin cewa farantin baya yana tsagewa ta bayansa kusa da kusoshi, tsagar ta bi daga kusa zuwa kusa har ta zagaye, sai tsakiyar ta rage a jikin mota sauran ya tafi da taya. Abin da kake nema siriri ne kamar gashi. Wani lokaci ba tsagar za ka fara gani ba, sai wani ɗan layin jar ƙura kamar garin tsatsa, wanda gefuna biyun suke fitarwa in suna gugar juna.

Ido kaɗai yana kuskure, don haka ka sayi gwangwanayen gwajin tsaga. Uku suke zuwa: na wanki, na jan rini, da na farin gari. Ka wanke ka bari ya bushe sarai. Ka fesa jan, ka bar shi minti 15 zuwa 20 ya tsotsu. Ka goge da busasshen tsumma, sannan da tsumman da ka ɗan jiƙa da na wankin. Kada ka fesa na wankin kai tsaye a kan ƙarfen, zai wanke rinin da ya shiga cikin tsagar, gwajin ya tashi a banza. Sai ka fesa farin, shafi ɗaya marar kauri, ka jira kamar minti 10. In akwai tsaga, jan zai tsattsafo ya zana ta a kan farin, ba sai an nuna maka ba. Ka lura da abu ɗaya: kewayen kusa zai iya yin jan zobe, don rini yana maƙalewa tsakanin kusa da raminta. Wannan ba tsaga ba ce. Tsaga layi ce da ta bar ramin ta nufi wani wuri. Asalin wannan dabarar tsohuwa ce, ma'aikatan jirgin ƙasa sun yi ta da mai da garin alli tun kafin a ƙirƙiro gwangwanin fesawa, kuma ko yau wanda ba shi da komai zai iya jiƙa ƙarfe da kananzir, ya goge, ya shafa alli, ya ga inda allin ya jiƙe. Mafi inganci duka shi ne gwajin maganaɗisu da ake kira Magnaflux, wanda shagunan gyaran inji suke yi wa karanshaf. In hob ɗin yana hannunka a kwance, kai musu ba ya cin kuɗi sosai.

In ka ga tsaga, komai ƙanƙantarta, magana ta ƙare. Ba a yi wa hob walda, ba a gurje tsagar a ce ta tafi. Ka cire shi, ka sare shi da injin yanka ko ka fasa zaren kusoshinsa kafin ka jefar, don kada wani ya tsince shi ya sa a motarsa. Kuma ka canza ɗan'uwansa na ɗaya gefen, tare suka yi aikin.

Ina nanata wannan ne don na taɓa sakaci a kansa. Shekarun baya wani ya kawo mini ƙaramar motarsa ana jibi tsere, ya ce in duba masa ƙafafu. Aiki ya yi mini yawa a ranar. Na ɗaga, na girgiza, na juya, komai shiru, na ce masa ya tafi. Ban cire faifan baya ba. Ranar tseren, a wata doguwar kwana, ƙafar baya ta waje ta fita. Allah ya kiyaye, yashi ya shiga ya tsaya, ya fito da ƙafarsa, tayar kuma ba ta sami kowa ba. Da aka kawo mini gutsuren na duba bakin karayar, sai na ga fiye da rabinsa ya yi duhu da tsatsa, da layuka a jere kamar sawun ruwa a bakin gulbi, ɗan ragowar ne kawai yake fari sabo. Wato tsagar ta yi watanni tana tafiya, tana nan a ranar da motar take gabana, kuma minti goma na cire faifai da haska tocila sun isa in gan ta. Mutumin bai zarge ni ba, amma ni na san amana ya ba ni. Tun daga ranar ban sake cewa ƙafa lafiya take ba sai na ga bayan farantinta da idona.

Kuma ba kai kaɗai abin ya shafa ba. Taya da rim da faifai sun haura kilo 15, in suka ɓalle a gudun kilomita 150 ba su san ma'aikacin fili mai tuta ko ɗan kallo ba. Saboda haka ne Formula 1 ta wajabta igiyoyin riƙe ƙafa tun 1999. Direban tsere Henry Surtees yana da shekara 18 ya rasu a 2009, bayan tayar da ta fita daga motar wani da ya yi karo ta same shi a kai a filin Brands Hatch na Ingila. A tseren Indianapolis 500 na 2023 ma tayar motar Kyle Kirkwood ta tsallake shinge bayan wani karo, ta wuce ta gefen 'yan kallo ta faɗa kan wata mota a wurin ajiya, abin da ya sa masu shirya gasar suka sauya notin da yake riƙe boris ɗin baya da wanda ya fi ƙarfi. Motarka ba ta da igiyar riƙe ƙafa ko ɗaya.

Kusoshin taya su ma ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗauki noti mai kyau ka murza shi da yatsu tun daga baki har gindi. In ya cije a tsakiya, kusar ta miƙe saboda yawan ɗauri, ko zarenta ya lalace. Motar tsere ana cire mata taya sau da yawa a yini guda, galibi da bindigar iska, cikin gaggawa, don haka kusoshinta sun sha wahalar da ta gida ba za ta sha ba a rayuwarta. Naka M12 ne mai zare 1.5, don haka noti ya shiga aƙalla zagaye takwas kafin ya kama, in ba haka ba kusar ta yi gajarta ga rim ɗin. In za ka canza kusa, da injin matsi ake fitar da ita a kuma shigar da ita. Dukan ta da guduma tana jikin mota yana sa ƙwallayen boris su yi wa hanyarsu tabo, ka gyara abu ɗaya ka kashe wani. In ka tarar an sa faranti na ƙarin faɗi tsakanin hob da rim, ka sani yana ƙara tsawon waccan sifanar da na faɗa maka, yana kuma rage kwanan boris. Fuskar hob da bayan rim da cikin faifai duk su kasance tsaf, babu tsatsa, babu fenti, domin duk abin da ya shiga tsakani zai murmushe in ya yi zafi, ɗauri ya saki.

Ga shawarata a kan taka motar, tunda ba ka san tarihinsu ba: ka yi duk wannan dubawar don hannunka da idonka su koya, sannan ka canza huɗun gaba ɗaya kafin ka shiga fili. Gwajin rini yana gaya maka babu tsaga yau. Ba ya gaya maka saura juyi nawa ta fara. Kuɗin hob huɗu da boris bai kai na tayoyin tsere saiti ɗaya ba, tayoyin kuma ka san za ka ƙone su cikin 'yan makonni ba tare da ka yi ƙorafi ba.

Na gaba aikin da za ka iya ne da kanka. Dunƙule yake zuwa, hob da boris a haɗe. Ka cire murfin ƙura, ka buɗe inda aka dankwafe bakin babban notin, ka kwance shi, hob ɗin ya zaro. Kafin ka sa sabo ka goge sandar da yake zama a kai ka dube ta: kada a sami gurzuwa, ko tsani da farce yake kamawa, ko launin shuɗi. Ƙarfe ba ya yin shuɗi sai zafinsa ya kai wajen digiri 300, in ka gan shi to wani boris ya taɓa ƙonewa a wurin. Gindin sandar ma ka yi masa gwajin rini. Noti sabo za ka sa kowane lokaci, ka ɗaure shi da sifanar awon ɗauri zuwa abin da littafin ya ce, Nm 167 zuwa 216 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), wato 123 zuwa 159 a awon lb-ft da Amurkawa suke amfani da shi, sannan ka dankwafe bakinsa cikin tsagin sandar. A nan mutanenmu da suka koyi aiki a kan tsofaffin motoci suke kuskure. Ƙafar gaban tsohuwar Hilux, alal misali, boris ɗinta mai siffar mazurari ne, ana ɗaure notinsa a ɗan sassauto a sa fin, a bar masa ɗan numfashi. Naka ba haka yake ba. Ɗaurin notin ne yake haɗe boris ɗin a matsayinsa, in ka sassauta masa ka kashe shi. Da yawa daga masu tsere da wannan motar suna buɗe sabon hob su wanke giris ɗin da ya zo da shi su cusa mai jure zafi, domin faifan birki a fili yana haura digiri 500 kuma zafin hob yake gangarowa. Yana da amfani, amma ka bari wani ya nuna maka sau ɗaya kafin ka yi, don robar bakin tana da saurin lalacewa.

Na baya kuwa ka cire ƙafar gaba ɗaya ka kai wa mai injin matsi. Boris ɗin matse shi ake yi cikin gidansa, hob kuma a matse shi cikin boris, kuma fitar da hob yana lalata boris ɗin, don haka tare ake canza su. Notin shaf na baya ya fi na gaba ɗauri, ka duba adadinsa a littafin, kuma kada ka sauke motar ta taka ƙasa ko ka tura ta alhali wannan notin bai ɗauru ba.

Wajen saye, abin da ka sani a Kofar Ruwa ko Panteka yana nan a intanet ɗin Amurka: kwali mai kyau, kaya na banza. Hob mai arha zai iya shekaru a motar zuwa kasuwa, ya kasa kwana biyu a fili. Ka saya daga Mazda, suna da sashen da yake sayar wa masu tsere kaya, ko daga shagunan da suka ƙware a Spec Miata. Akwai hob da aka ƙera musamman don tsere, masu kaurin faranti, amma ka karanta dokokin ƙungiyar da za ka yi tsere a ƙarƙashinta, SCCA ce ko NASA (ƙungiyoyin tseren mota ne na Amurka, wannan NASA ba ta sararin samaniya ba ce), ka tabbata an yarda da wanda za ka saya. Ka kuma tambayi waɗanda suke gaba a rukunin me suke sawa, ba sa rowar irin wannan bayanin.

Ranar da ka sa sababbi, ka rubuta kwanan wata a jikinsu da alƙalamin fenti, ka buɗe littafi. Duk fitar da ka yi ka rubuta mintocinta. Ni ƙa'idata ga mota mai tayoyin danƙo ita ce: girgiza kafin kowace fita, cire faifai da haska tocila kafin kowane ƙarshen mako na tsere, gwajin rini a tsakiyar kakar tsere, canjin na baya duk shekara ko da sun yi kyau a ido. In ka yi karo da wani ƙafa da ƙafa, ko ka hau dakalin kwana da ƙarfin da ya girgiza maka haƙora, wannan ƙafar ta koma farkon layi, a kwance ta a duba. Ka lura kuma filin da yake zagaye ta hannun dama ƙafafun hagu yake ci, su za su riga gajiya. Binciken da jami'an fili suke yi da safe kada ya kwantar maka da hankali, su ma girgizawa suke yi su wuce, motoci da yawa suna jiran su.

A ranar farko, notin taya ka ɗaure su da sifanar awo, Nm 88 zuwa 118, wato 65 zuwa 87 a nasu awon, kana tsallakawa daga kusa zuwa wadda take fuskantarta. Ka sake bin su kafin kowace fita, amma sai sun huce, don wanda aka ɗaure da zafi yana wuce kima. Da ka dawo daga fili ka auna zafin tsakiyar kowace ƙafa da ma'aunin zafi mai haske, ka gwada hagu da dama. In ɗaya ta yi wa 'yar'uwarta nisa sosai, ko boris ne ko birki yana kamawa. Ka sa safar hannu ka girgiza su tun da ɗuminsu, wani motsin sai da zafi yake fitowa.

A cikin mota kuma ga alamar da nake so ka riƙe. In ka fito daga kwanoni masu gudu, ka zo taka birki ka ji ya yi zurfi fiye da yadda ka saba, ka sake takawa ka ji ya dawo daidai, to faifan ne ya karkata a cikin kwana ya tura takalman birki baya, kuma abin da yake barin faifai ya karkata shi ne hob mai rawa ko mai tsaga. Haka in ka ji gurnani da yake ƙaruwa in ka karya hagu ya ragu in ka karya dama, ko wata sabuwar karkarwa da babu ita a zagayen da ya wuce, ko bayan motar ya fara yawo a inda da yake zaune. Kada ka ce bari in ƙarasa zagayen. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka ba na bayanka hannu su wuce, ka bi gefe a hankali ka shiga, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe ka cire faifan. In ka ga wani layi da ka kasa tantancewa, ka ɗauki hotonsa da farin garin a kai, da haske daga gefe, ka turo mini mu duba tare kafin ka mayar da tayar.